Sawun Magani

Abdoul-Wahab mai gwanjo ne ya fara faɗuwa. Yana rumfarsa a kasuwar Missèbo ta Cotonou da hantsi, yana kwance dilar riguna, sai gumi ya karyo masa. Ya kama sambatu, ya kira sunan uwarsa wadda ta daɗe da rasuwa, sannan ya kife a kan kayan. Kafin a sami mai zemijan, wato ɗan acaba, da zai yarda ya ɗauke shi, jikinsa ya yi sanyi kamar randa. A asibiti in an ƙara masa ruwa sai ya buɗe ido, in an jima kuma ya sake tafiya. Likitoci suka ce akwai abin da ya sha, amma ba su san ko mene ne ba.

Unguwar Zongo ba ta jira likita ba. Kafin azahar kowa ya yarda guba ce.

Ba a gama wannan maganar ba, ran nan Fataou mai raguna ya zube a lungun bayan masallaci, igiya na hannunsa. Gumi iri ɗaya, rawar jiki iri ɗaya. Mutane suka kewaye shi suna salati, ba wanda ya yarda ya taɓa shi. Sai ga Sahadatou da jakarta, ta fito daga dispansar inda take aikin jinya. Ta durƙusa, ta taɓa goshinsa, ta soki yatsansa da 'yar na'urarta. Da ta ga yana iya haɗiya, sai ta ruga teburin mai shayi, ta damƙo sukari ta dama da ruwa, ta riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan. Ba a jima ba Fataou ya tashi zaune yana tambayar ina ragonsa.

Aka yi ta sa mata albarka. Amma albarkar ba ta kai la'asar ba. Wata tsohuwa ce ta fara faɗa a bakin famfo: "To ita ta yaya ta san makarin, in ba ta san gubar ba?"

Nan da nan aka tuna cewa ta taɓa yin cacar baki da Abdoul-Wahab a ƙofar Malam Sirajuddeen, tsohon malamin unguwar. Shi ya ce Malam ba ya bukatar ƙwayoyin asibiti, ita ta ce ya tsaya kan gwanjonsa. Aka tuna ita ce mai shiga gida-gida da jaka cike da magunguna. Kafin rana ta faɗi an jefi ƙyauren gidansu da dutse.

*

Yayanta Tahirou ne ya tsinci dutsen. Ya juya shi a hannu, ya dubi yashin ƙofar gida, ya gane takalmin wanda ya jefa, amma bai faɗa wa kowa ba. Tahirou ya tashi ne a wajen Malanville, can arewa, yana bin ubansu neman shanun sata. A Cotonou ba shanu, amma in rago ya ɓace ko an sace babur, shi ake kira. Ba shi da yawan magana, kuma ba a san shi da tsoro ba. Ran nan kam, da ya shiga ɗaki ya ga ƙanwarsa ta takure a bayan gado da farar rigar aikinta, sai ya mayar da ƙyaure ya sa sakata.

"Yaya, za su kashe ni."

"Ba mai kashe ki. Zauna daidai. Me kika gani a jikin Fataou?"

"Sukarin jininsa ne ya faɗi ƙasa warwas. Lafiyayyen mutum ba ya yin haka kawai. Kamar wanda ba shi da ciwon sukari ya sha maganin ciwon sukari." Ta share hanci da bayan hannu. "Ka ga abin da ya sa na kasa faɗa. Wa ke raba wannan magani a unguwar nan? Ni ce."

"Wani abu ya ɓace a jakarki?"

"Na zazzage ta. Ba abin da ya ɓace."

"Su wa kike ba?"

Ta lissafa masa tsofaffin da take dubawa. Da ta zo kan Malam Sirajuddeen sai ta yi tsaki.

"Shi kam ya gagare ni. Rukaiya 'yarsa nake bar wa maganin, kuma ba ta fashi, kwalin yana ƙarewa a kan lokaci. Amma duk sanda na auna shi, sukarin na sama. Na gaya wa dokta, ya ƙara ƙarfin maganin. Ko gezau. Kamar a rami nake zubawa."

Tahirou ya ajiye maganar a gefe, kamar yadda yake ajiye sawun da bai gane ba tukuna.

*

Da gari ya waye Alhaji Gado, dattijon da unguwa ke jin maganarsa, ya tare shi a hanya.

"Tahirou, samari na cewa a kai ta kwamisariya wurin 'yan sanda. Wasu ma ba kwamisariya suke nufi ba, ka gane. Na danne su, amma ƙarfina ya kusa ƙarewa."

"Alhaji, a yi mini haƙuri in bi sawun."

"Bi. Amma gobe da safe za a taru a zauren Malam. Za ta rantse, ta sha ragowar kunun Malam a gaban kowa. Mai cin amana ba ya shan ragowar Malam ya wanye lafiya. In ta sha ba abin da ya same ta, ni da kaina zan tsaya mata."

Tahirou ya yi godiya. A ransa ma har ya ji sanyi-sanyi, don ya san ƙanwarsa ba ta yi ba. Kunu ne kawai.

Ya fara da Bouchra mai koko, don an ce Abdoul-Wahab da Fataou duk a wurinta suke karyawa. Ya tarar da ita zaune gaban tukunya cike, ba mai saye ko ɗaya.

"Kai ma ka zo ka ce ni ce?" Ta ɗebi koko a ludayi ta kurɓa a gabansa, ta ƙara kurɓa. "Ga shi nan. In na faɗi ka ɗauke ni. Tun ina budurwa nake dama kokon nan, ban taɓa kashe ko ƙuda ba."

"Tanti, tambaya kawai na zo yi. Ranar da Abdoul-Wahab ya faɗi, ya sha a nan?"

"Bai sha ba! Ya wuce yana shafa ciki, wai yau ya ƙoshi. Na ce masa, wace bazawara ce ta ciyar da kai? Ya yi dariya." Muryarta ta karye. "Dariyarsa ta ƙarshe da na gani ke nan."

"Fataou fa?"

"Shi ma ran da ya faɗi bai tsaya ba. Ka gani? Waɗanda suka sha nawa suna nan garau. Sai waɗanda suka ƙi."

Daga nan ya hau zemijan zuwa Missèbo. An ce akwai wani maƙwabcin rumfa da suka yi rigima da Abdoul-Wahab kan wurin shanya kaya. Ya tarar mutumin ya tafi Legas tun kafin abin ya faru, kuma an ce bai ma san wani Fataou ba. Tahirou ya tsaya cikin hayaniyar kasuwa, ruwa na yayyafi, ya ji kamar kowa shi yake kallo. Rana ta riga ta karkata, shi kuwa ba abin da ya riƙe sai mutum biyu da suka ƙoshi ba a san a ina ba.

*

Fataou na kwance a tabarma, matarsa ta hana shi fita. Da ya ga Tahirou sai ya ja jiki baya.

"Ni fa ban ce ita ce ba. Mutane ne suka ce."

"Na sani. Me ka ci ran nan?"

"Na gaya wa kowa, ban ci komai ba. Na yi asuba, na biya na gaida Malam, na kwance rago, sai na farka na ga mutane a kaina."

"Bouchra ta ce ba ka tsaya wurinta ba. Kai da ba ka wuce koko."

"Ban ji yunwa ba ne."

"Mutumin da bai ci komai ba, kuma bai ji yunwa ba." Tahirou ya gyara zama. "Fataou, bar maganar ci. Tun daga tashinka har faɗuwarka, me ya wuce ta maƙogwaronka? Ko ruwan alwala ne, faɗa mini."

Fataou ya kalli rufi.

"To, sai dai ragowar Malam. Amma ai wannan ba abinci ba ne, albarka ce."

"Kurɓi nawa?"

"Wane kurɓi? Da can ne muke kurɓa, in mun cika zaure, ƙwarya ta zagaya kowa ya taɓa. Tun da damina ta sauka mutane ba sa fitowa da sassafe. Ran nan ni kaɗai ne. Malam kuma yanzu ba ya ci, sai ya taɓa baki ya miƙo. Na shanye tas, har na sa yatsa na suɗe gindin."

"Abdoul-Wahab ma yana zuwa?"

"Shi ne ma na gaba-gaba. In ya riga ka, ka yi asara." Sai ya zaro ido. "Kai, Tahirou! Kada ka soma. Abincin Malam ne fa. Ka rufa wa kanka asiri."

Tahirou ya fita ba sallama. Ya tuna abin da za a miƙa wa ƙanwarsa gobe.

*

Ya isa gidan Malam bayan la'asar. Tsohon na barci a zaure, ya rame, bakinsa a bushe. Tahirou ya zagaya baya, inda ake ajiye gwangwanin da Malam ke fitsari a ciki tun da ƙafa ta ƙi. Tururuwa ta yi layi daga gindin katanga har bakin gwangwanin, baƙi ƙirin. Ya tsuguna yana kallonsu. Tun yana yaro ya san abin da ke jan tururuwa wurin fitsarin tsoho: sukari.

Ubansu ya kan ce masa, in saniya ta bar garke kuma ba ta isa kasuwa ba, kada ka tsaya gardama da mai garke ko da mai kasuwa, ka bi tsakani. Magani ya bar kwali. Bai isa jikin Malam ba. To, a ina ya sauka?

A kan ɗan dakalin da ke tsakanin zaure da cikin gida aka kife ƙwaryar kunun. Tsohuwar ƙwarya ce, ta taɓa tsagewa a gindi aka ɗinke ta. An wanke ta, amma wanki ba ya shiga cikin ɗinki. Ya ɗauki tsinke ya sosa. Wani farin abu ya fito, mai tsakuwa-tsakuwa, ba irin dusar gero ba. Ya ɗora a harshe, ya tofar. Ya naɗe sauran a ganye.

Ya ji motsi a bayan labule, ya mayar da ƙwaryar da sauri. Wa zai tsaya a Zongo ya ce ƙwaryar Malam Sirajuddeen ce ke kayar da mutane? Dutsen da aka jefi ƙofa da shi jiya, gobe kansa za a nufa.

A gida Sahadatou ta murza farin abin a tafin hannunta, ta kai kusa da ido, ta ɗauko ƙwaya ɗaya daga jakarta ta fasa ta gwada su gefe da gefe. Sai ta zauna a ƙasa.

"Innalillahi. Daka shi ake yi. Yaya, wannan maganin ba a daka shi. An yi shi ne ya narke a ciki sannu a hankali, yini guda. In aka daka, duk ƙarfinsa lokaci ɗaya yake sauka. Kuma ni na sa aka ƙara masa ƙarfi."

"To gobe ba za ki sha ba."

"In na ƙi sha, sun ce na amsa laifi. In na sha na faɗi a gabansu..." Ba ta ƙarasa ba.

"In na faɗa yau, za a wanke ƙwarya, a dama sabon kunu, a ce na yi wa gidan Malam ƙazafi don in ceci ƙanwata. Sai an kawo shi gaban mutane tukuna."

Ta dube shi. Bai iya haɗa ido da ita ba.

*

Zauren ya cika tun kafin rana ta ɗaga, har waje. Bouchra na bakin ƙofa da mata. Fataou ya jingina da bango. Aka zaunar da Sahadatou a tsakiya, ita kaɗai a kan tabarma. Samarin da ke waje ba sa magana, kuma shirun nasu ya fi hayaniya ban tsoro.

Hannu ya fito ta bayan labule ya ajiye ƙwarya a kan dakali. Aka miƙa wa Malam. Ya yi bisimilla, ya taɓa baki, ya kurɓi ɗan na sama, ya ture. Alhaji Gado ya karɓa da hannu biyu ya nufi Sahadatou.

"Alhaji, dakata."

Muryar Tahirou ta fito siririya, har ya ji kunyarta. Ya miƙe.

"Allah gafarta Malam, ina neman izini a kira wadda ta dama kunun nan. Ta tsaya bayan labule ma ya isa."

Aka fara gunaguni. Wani daga waje ya ce, "Ka ji ɗan iska, zai juya magana!" Malam ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Rukaiya," in ji tsohon. "Matso."

Labule ya motsa. "Na'am, Baba."

Tahirou ya juya wajen labule. "Malama Rukaiya, Malam na shan maganinsa?"

"Kullum. Ban taɓa fashi ba."

"Yana shanye kununsa?"

"Tas. Ƙwarya wayam take dawo mini."

"Kin taɓa gani da idonki?"

"Ni da zauren maza? Ina ajiyewa a dakali, in dawo in ɗauka."

Maza suka fara kallon juna. Fataou ya sunkuyar da kai.

"To ga ƙwaryar nan a hannun Alhaji," in ji Tahirou. "Leƙo ki gani. Malam ya gama. Abin da ya rage ƙanwata za ta shanye."

Labulen ya ɗan buɗe. Aka ga ido ɗaya, sannan aka ji ƙara.

"Kada ta sha! Wayyo Allah, kada ta sha! Maganin Baba na ciki!"

Alhaji Gado ya saki ƙwaryar kamar ya taɓa garwashi. Kunu ya malale a kan tabarma, kuma a gindin ƙwaryar kowa ya ga farin abu ya kwanta.

Rukaiya ta fito, ba ta ma san ta fito ba, ta zube gaban ubanta tana kuka. "Baba, in na ba ka sai ka ɓoye a kumatu ka tofar. Na tsinci ƙwayoyin a bayan tabarma. Na ji tsoron in faɗa wa Sahadatou ta ce na kasa, na ji tsoron in yi maka magana. Sai na riƙa dakawa da bayan cokali in zuba. Na ga ƙwarya na dawowa wayam, har ina murna kana ci."

Malam ya dafa kanta. Hawaye na bin gemunsa.

"Ni kuma na hana a gaya miki ba na ci, don kada hankalinki ya tashi." Ya juya wajen mutane. "Da hannuna na miƙa wa Abdoul-Wahab. Na ce masa Allah ya yi albarka."

Ba wanda ya san inda zai sa idonsa. Alhaji Gado ya fara cewa, "To yanzu sai a kawo maganin Malam ya haɗiya a gabanmu..."

"A'a!" Sahadatou ce. Ta miƙe, muryarta ta koma ta aiki. "Kada a ba shi ko ɗaya. An ƙara ƙarfin maganin ne don ana zaton yana sha bai yi masa ba. In ya haɗiyi wannan yau, ga shi ba ya cin abinci, shi ne na gaba da zai faɗi. Sai na koma wurin dokta an sake duba shi daga farko. Rukaiya, tashi ki ɗauko mini kwalin. Yaya, ka kai shi asibiti yanzu-yanzu, ka sa shi a hannun masu duba Abdoul-Wahab, ka ce wannan ya sha, dakakke, kuma ba sau ɗaya ba."

Samarin da suka zo don ita su ne suka buɗa hanya. Ɗaya daga cikinsu ya tayar da babur ɗinsa. Tahirou ya dubi takalminsa, ya gane shi, ya hau bayansa.

*

Abdoul-Wahab ya farfaɗo, amma harshensa ya yi nauyi, kuma har yanzu in yana magana sai ya tsaya yana laluben kalma. Ƙaninsa ke zama a rumfar.

Sahadatou ba ta ƙara bar wa kowa magani ta juya baya ba. Duk gidan da ta shiga sai ta zauna ta tambaya: yaya ake sha, da me ake sha, wa ke gani, wa ke cin ragowar. Wasu tsofaffin na cewa ta cika bincike kamar yayanta.

Safiyar da aka fara ba Malam sabon magani, Tahirou ya raka ta. Ta durƙusa gaban tsohon, ta jira ya ci 'yar loma, ta sa masa ƙwayar a tafin hannu, ta miƙa ruwa.

"Allah gafarta Malam, a buɗe baki in gani."

Zauren ya yi tsit. Malam Sirajuddeen, wanda manyan 'yan kasuwa ke cire takalmi tun daga waje kafin su gaishe shi, ya buɗe baki ya ɗaga harshe.

Aka kawo kunu a sabuwar ƙwarya. Ya sha abin da zai iya, ya miƙa ragowar. Ba wanda ya motsa. Fataou ya ɓoye hannayensa cikin riga. Hannun tsohon ya tsaya a sama, ƙwaryar na karkata.

Sahadatou ta sa hannu biyu ta karɓa, ta yi bisimilla, ta kafa kai.

Tahirou ya san ba komai a ciki. Shi da kansa ya tsaya a bakin madafa aka dama. Duk da haka bai saki numfashi ba, kuma har suka isa ƙofar dispansar yana tafe a bayanta, yana kallon sawunta a yashi ko zai karkace.